Goɗiyar ƙaramin doki ta kusa haihuwa: tambayoyin masu barga da amsoshinsu

Masu sha'awar dawaki a Bauchi sun fara ajiye ƙananan dawakin nan da ba su wuce ƙugun mutum ba, wasu don yara, wasu don ado a gida. Ana sayen goɗiya, sai a ce ai gara ta haihu. Daga nan tambayoyi ke farawa, kuma yawanci sai ciki ya tsufa ake yin su. Na tattara waɗanda aka fi yi mini, na amsa gwargwadon abin da kowace ta cancanta.

Wane ne ƙaramin dokin da ake magana, ba kuru ba ne?

A'a. Kuru namu ne na gida, irin wanda mutanen tsaunukan Filato da kudancin Bauchi suka daɗe suna hawa, kuma babban mutum na iya hawansa. Wannan kuwa an yi ta zaɓen iri ne a ƙasashen waje har ya ƙanƙance. Ƙungiyar masu kiwonsa ta Amurka da aka kafa a 1978 ba ta yi wa doki rajista idan ya haura inci 34, wato kusan santimita 86, ana aunawa daga ƙasa zuwa inda gashin geza ya ƙare. Wata ƙungiyar takan karɓa har zuwa inci 38. Akwai kuma irin Falabella na ƙasar Ajantina. Duk da ƙanƙantarsa doki ne cikakke, cikinsa da naƙudarsa irin na doki ne, sai dai haihuwa ta fi ba shi wahala.

Wata nawa take ɗauka kafin ta haihu?

Wata 11 ake cewa, wato kusan kwana 340 ga babbar goɗiya. Ƙananan sukan riga, da yawansu tsakanin kwana 320 da 335 suke sauka, amma wata takan haura 350 kuma lafiya lau. Duƙushin da ya zo ƙasa da kwana 300 da wuya ya rayu. Saboda haka ka fara sa ido sosai tun daga kwana na 300.

Wannan lissafi ba zai yi maka amfani ba sai ka rubuta ranar da aka yi baye. Mafi yawan masu tambayata ba su da wannan rana. An saki ingarma da goɗiya a gida ɗaya wata da watanni, yanzu ana tambayata yaushe za ta haihu. Ko kuma an sayo ta, dillali ya ce "tana da ciki wata biyar", kuma shi ma ji ya yi.

Malam, cikinta ya yi girma, ta yaya zan tabbatar ciki ne ba teɓa ba?

Da ido ba za ka tabbatar ba. Waɗannan dawaki suna da saurin ƙiba, kuma tsutsar ciki ma tana kumbura su. Likitan dabbobi na iya yin hoton ciki tun daga mako biyu bayan baye, kuma a lokacin ne ake gane tagwaye, waɗanda a wajen goɗiya ba abin murna ba ne, domin galibi ɓari suke ƙarewa da shi. Idan goɗiyar ta yi ƙanƙantar da ba za a duba ta ta baya ba, ana ɗora na'urar a fatar ciki bayan cikin ya yi wata uku, ko a yi gwajin jini. Kada ka yarda wani ya zura mata hannu don ya saba yi wa shanu. Hanjin goɗiya na yagewa, kuma idan ya yage da wuya ta tashi.

Me zan riƙa ba ta?

Nan mutane suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mai gida ya ji tana da ciki, sai a cika mata komi da gero da dusa safe da yamma. A wata bakwai ko takwas na farko ba ta bukatar ƙari a kan abincinta na kullum: ingirici mai kyau, harawar wake ko ta gyaɗa daidai misali, gishiri, da ruwa mai tsabta da ba ya yankewa. Mafi yawan girman ɗan yana faruwa ne a wata uku na ƙarshe, a nan ne za ka ƙara harawa da ɗan hatsi kaɗan, a rarraba sau uku ko huɗu, domin ɗan ya matse mata ciki, ba ta iya cin da yawa a zama ɗaya. Ka shafa gefen cikinta: ya kamata yatsunka su ji haƙarƙari ba tare da idonka ya gan su ba.

Dusa zalla ba ta gina ƙashi, tana ma hana jiki amfana da sinadarin da ke gina shi, shi ya sa ake haɗa ta da harawa. Kada a sake ta cikin gyauron dawa ko ɗanyen karan dawa. Yana da guba ga doki, yana taɓa jijiyoyi da mafitsara, yana kuma iya sa a haifi duƙushi da sandararrun gaɓoɓi. Masarar da ta yi fumfuna tana lalata ƙwaƙwalwar doki. Abincin kaji kuwa a nisanta shi da barga gaba ɗaya, wani maganin da ake zubawa a cikinsa kaɗan ya isa ya kashe doki.

Abu ɗaya da nake so kowane mai ƙaramar goɗiya ya riƙe: idan ta daina cin abinci kwana ɗaya cur, musamman mai ƙiba da tsohon ciki ko mai shayarwa, to a kira likita a ranar. Jikinsu yakan narkar da kitse ya zuba a jini har hanta ta gaza. Ƙananan dawaki da jakuna ne wannan ciwo ya fi kamawa, kuma yana kisa cikin 'yan kwanaki.

Allurai da maganin tsutsa fa?

Rigakafin sarƙe-haƙora shi ne na farko. A yi mata shi mako huɗu zuwa shida kafin lokacin haihuwa, don kariyar ta sauka cikin nonon farko ta isa ga ɗan. Sauran alluran rigakafi, musamman na cutar dawakin Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa a ƙarshen damina, a tsara su da likita tun kafin baye, ba a kan tsohon ciki ba.

Kowane magani da nauyin jiki ake auna shi. Sirinjin maganin tsutsa da ake sayarwa an yi shi ne don doki mai kilo 500 ko fiye, taka kuwa wataƙila ba ta wuce kilo 100 ba. A ɗora ta a sikeli, ko da irin na 'yan hatsi ne. Maganin ciwon jiki da 'yan sukuwa ke yawan ba dawakinsu shi ma yana ƙona cikin ƙananan idan an zarce. A riƙa cire mata kaska, domin ita ke kawo zazzaɓin da ke ƙarar da jini.

Waɗanne alamu ne ke nuna ta kusa?

Hantsa ce kan gaba. Takan fara cika mako biyu zuwa shida kafin haihuwa. Da farko za ka ga ta kumbura da safe, ta saki da yamma bayan goɗiyar ta yi yawo. Ranar da ka ga ta kwana a cike ta wuni a cike, tana sheƙi, kan nonon ya buɗe waje, to an matso. Naman da ke gefen gindin wutsiya yakan saki ya yi laushi, ka ɗaga wutsiyar ka ji ba ta ja da kai, gabanta ya yi tsawo ya saki. Ciki yakan sauka ya yi tsini ta ƙasa.

Sai kuma ɗigon da ke daskarewa a kan nono kamar kakin zuma. Idan ya bayyana, galibi kwana ɗaya ne zuwa uku. Amma kada ka dogara da shi, ƙananan goɗiyoyi da yawa ba sa yin sa sam, ita kuma mai cikin fari tana iya haihuwa hantsarta ba ta cika ba.

Abin da na fi yarda da shi shi ne duba ruwan nonon. Tatso ɗigo biyu ko uku a tafin hannu kowace yamma. Da farko ruwa ne garai, sai ya koma rawaya mai danƙo, sai ya yi fari ya yi kauri. Wanda ya samu takardar gwajin tsami, irin wadda masu kiwon kifi ke gwada ruwa da ita, ya ɗiga a kai: idan lambar ta sauko daga 7 da wani abu zuwa 6.4 ko ƙasa, ya shirya kwana a barga.

Dole ne sai na kwana a wurinta? Ai dawakin kakanninmu su kaɗai suke haihuwa.

Gaskiya ne, kuma babbar goɗiya har yau galibi takan sauka ba taimako. Wannan daban ce. Ƙugunta ƙarami ne, kan ɗanta kuwa babba ne idan aka gwada da jikinsa, don haka maƙalewa ta fi yawa. Akwai kuma abin da ya fi ban takaici: ɗan ya fito lafiya, amma jakar da ke lulluɓe da shi ba ta yage ba, shi kuma ba shi da nauyin da zai fasa ta. Da asuba a tarar da shi cikakke, ba abin da ya same shi sai rashin iska. Yatsa biyu da sun cece shi.

Goɗiya da dare take son haihuwa, lokacin da gida ya yi tsit, kuma tana iya jinkirta farkon naƙuda idan ta ji ana kallonta. Ka leƙa ƙarfe ɗaya ka ga tana cin ciyawa, ka dawo ƙarfe biyu ka tarar an gama. Saboda haka leƙe sau biyu a dare bai wadatar ba. A yi karɓa-karɓa tsakanin mutum biyu ko uku, a zauna daga waje inda ake hangenta, ba hira, ba rediyo, da ƙwan lantarki mai raunin haske da ta riga ta saba da shi. Mai hali ya sa kyamarar da ke haɗe da waya, amma ya haɗa ta da sola ko batir, kowa ya san halin wutarmu.

Me zan tanada, kuma ina za ta haihu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata guda kafin lokaci a mai da ita inda za ta haihu. Ɗaki ko rumfa mai faɗin da za ta kwanta ta miƙe ba ta tokari bango ba, an share, an shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri. Garin katako da yashi suna manne wa cibiya da hancin ɗan. A cire ta daga turke, a kwance dabaibayi, goɗiya ba ta haihuwa a ɗaure. Ingarma ya koma wani wuri.

A bokiti mai murfi a ajiye tocila mai caji, almakashi mai tsabta, tawul biyu, sabulu, safar hannu doguwa, man santsi na asibiti, bandejin naɗe wutsiya, igiya 'yar siririya, da ruwan wanke cibiya, aidin da aka sirka ko wanda likita ya ba ka. Lambar likita kuwa a gwada ta tun da rana, a gaya masa ana jiran haihuwa, a tambaye shi ƙarara ko zai fito da tsakar dare. Idan abin ya kai ga tiyata, asibitocin koyarwa na dabbobi a Jos ko Zariya ko Maiduguri ne, kuma daga Bauchi mafi kusa ma tafiyar kusan awa biyu ce. Naƙudar goɗiya ba ta jiran wannan.

Yaya haihuwar lafiya take?

Da farko za ta rasa sukuni: ta kwanta, ta tashi, ta waiwayi cikinta, ta yi gumi a wuya, ta riƙa fitsari da kashi kaɗan-kaɗan. Wannan kan ɗauki awa ɗaya zuwa huɗu. A bar ta.

Da faya ta fashe, duba agogo. Cikin minti biyar zuwa goma za ka ga wata jaka fara mai ɗan shuɗi-shuɗi ta leƙo. A cikinta ƙafar gaba ɗaya, sai ɗayar tana biye da ita da ɗan tazara, tafin kofato na kallon ƙasa, sai hanci kwance a kan ƙafafun. Idan haka ka gani, ka koma gefe. Daga fashewar faya zuwa fitowar ɗan bai kamata ya wuce minti 20 zuwa 30 ba, sau da yawa ma bai kai haka ba. Da ƙirjinsa ya fito, yage jakar daga fuskarsa, share masa hanci.

Kada a yanke cibiya. A bar su kwance, za ta tsinke da kanta idan uwar ta miƙe. Sai a tsoma guntun a ruwan magani, a maimaita sau biyu ko uku a rana na kwana biyu.

Yaushe zan san an shiga matsala?

Idan abin da ya leƙo ja ne wur mai kauri, ba fari ba. Wannan mabiyiya ce ta rabu da mahaifa kafin lokaci, ma'ana ɗan ya daina samun iska tun yana ciki. Ba a jiran likita a nan. Fasa ta nan take da almakashi ko da yatsu, nemo ƙafafun, ka taimaka ya fito.

Idan minti goma sun wuce bayan faya tana yunƙuri ba abin da ya fito, ko ƙafa ɗaya kawai ta fito, ko ƙafafu ba kai, ko kai ba ƙafafu, ko tafin kofato na kallon sama, to kwanciyar ba daidai ba ce. Wani ya buga wa likita waya, kai kuma ka tashe ta tsaye ka zagaya da ita, hakan na rage yunƙuri, wani lokaci ma ɗan ya koma ya gyara kwanciya. Idan za a ja, da hannu ake ja, mutum ɗaya, a lokacin da take yunƙuri, ana karkatawa ƙasa wajen ƙafafunta na baya. Ba a tara ƙarti su ja da igiya. Kada kuma wani ya yi mata allurar ƙara naƙuda alhali ɗan a karkace yake, mahaifa na iya fashewa.

An haihu lafiya, sai me?

Ka riƙe ɗaya, biyu, uku. Awa ɗaya ya miƙe tsaye. Awa biyu ya kama nono. Awa uku mabiyiya ta faɗo.

Daƙashi ba abin zubarwa ba ne. Duƙushi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, domin ba ta ratsawa daga uwa yana ciki, a nonon farko yake samunta. Hanjinsa ya fi karɓarta a awa shida zuwa goma sha biyu na farko, bayan kwana ɗaya kuma ƙofar ta rufe. Ka durƙusa ka duba da kyau ko nonon yake tsotsa, domin wani yakan yi ta tsotsar cinya ko bango, mai kallo daga nesa ya ɗauka ya sha. Ka ga maƙogwaronsa na motsi. Idan uwar ta yi kwanaki tana zubar da nono kafin haihuwa, daƙashin ya tafi a ƙasa, ka gaya wa likita. Kashinsa na farko baƙi ne mai tauri, ya kamata ya fito cikin 'yan awoyi. Idan yana ta ɗaga wutsiya yana nishi ba abin da ke fita, yana bukatar a yi masa ɗura ta baya.

Mabiyiya kuwa, idan tana reto a ƙulle ta da igiya don kada ta taka. Ba a ja, ba a ɗaura mata dutse. Da ta faɗo, shimfiɗa ta a siminti ka duba: tana da reshe biyu, kowane ya kasance cikakke har ƙarshensa. Guntu kaɗan da ya rage a ciki ya isa ya kawo zazzaɓi da ciwon kofaton da zai gurgunta ta. Saniya na iya kwana da mabiyiya, goɗiya ba ta iyawa.

Ina son in samu mafi ƙanƙanta, wane ingarma zan nema?

Wannan burin ne ya cika duniya da wadannin dawaki. Ƙarami daban, wada daban. Ƙaramin doki mai kyau, idan ka ga hotonsa ba kowa a gefe, za ka ɗauka babban doki ne. Wada kuwa goshinsa ya turo, haɓarsa ta ƙasa ta zarce ta sama, wuyansa gajere, ƙafafu a karkace, ciki ya yi tulu. Yara na ganin sa su ce ya yi kyau, shi kuwa yana fama da tauna da numfashi da ciwon gaɓoɓi muddin ransa.

Gado ne, kuma ɓoyayye. Uwa da uba na iya zama lafiyayyu a ido alhali kowanne na ɗauke da shi. Idan aka haɗa irin waɗannan, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da wada, wani ma ya mutu tun a ciki. Masana a Amurka sun gano nau'i huɗu na wannan lahani da suke kira D1 zuwa D4, ana gwadawa da gashin wutsiya mai saiwa. Wanda bai samu gwajin ba yana da ido da baki: ya buɗe bakin ingarman ya ga ko haƙora sun hau juna daidai, ya ga tafiyarsa, ya nemi ganin 'ya'yansa na baya. Goɗiya da ingarman da suka taɓa haifar wada kada a sake haɗa su.

Da yake dawakin ba su da yawa a ƙasar nan, ka bincika asali. Abu ne mai sauƙi ingarman da aka kawo maka daga wani gida ya zama uban goɗiyarka ko wanta. Kada kuma ya fi ta girma, balle a kai ta ga babban doki don a ga abin da zai fito.

Shekara nawa za ta kai kafin a kai ta baye, kuma za ta iya haihuwa duk shekara?

A bari ta cika shekara uku. Tana iya ɗaukar ciki tun tana 'yar shekara ɗaya, shi ya sa ake raba duƙusai maza da mata da wuri. Bayan haihuwa da mako ɗaya zuwa kwana 12 za ta sake neman ingarma. Ni ban ga dalilin gaggawa ba, musamman idan ta sha wahala. Idan da zaɓi, na fi son a yi baye a Disamba, haihuwa ta faɗo a Nuwamba: ƙwarin damina sun ja baya, harawa ta yi araha, zafin Maris da Afrilu bai zo ba. Sai dai a kare ɗan daga iskar hunturu da zana ko buhu.

Alhaji ya ce idan ta haihu sayarwa za mu yi, akwai riba?

Ka tambayi Alhaji wa zai saya, kafin a kai ta baye. Dokin nan yakan yi shekara 25 zuwa 35 a duniya. Yaron da aka saya wa shi zai fi ƙarfinsa cikin 'yan shekaru, domin bai kamata ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ba, wato kilo 20 ga doki mai kilo 100, har da sirdi. Ba ya noma, ba ya sukuwa, babba ba ya hawansa ranar Sallah. Amma yana bukatar yankan kofato duk bayan wata biyu, da duba haƙora, domin sukan cunkushe a ɗan bakinsa.

Rabin abin da za a haifa maza ne, mu kuma ba mu saba da fiɗiye doki ba, sai ka ga gida ya tara ƙananan ingarmu suna cizon juna. Duƙushi ba ya barin uwarsa sai ya kai wata huɗu zuwa shida, duk wanda ya zo da kuɗi kafin nan ya jira. Idan ka lissafa harawar shekara guda, da kuɗin likita, da yiwuwar rasa uwar a wajen haihuwa, sau da yawa sayen duƙushin da aka riga aka yaye ya fi sauƙi a kan haifar da shi a gida.